Hannun da Na Zuba wa Mai Kumfa

Shekara tara na yi ina riƙe da ɗakin fansama a wani ƙaramin gidan likita da ke gefen garin Dakoro, kafin wata ɗaliba ta zo. Fansama shi ne wanke ciwo a ɗaure shi, kuma a wajenmu aiki ne mai yawa. Wanda sa ya soka da ƙaho, da wadda tafasasshen kunu ya zubo wa a ƙafa, da wanda gatari ya kuskure itace ya same shi, duk ƙofata suke zuwa su zauna bisa benci.

Wajen tsohon manjonmu na koyi aikin, wato babban ma'aikacin jinya da ya riƙe wurin kafin a kawo mana likita. Koyarwarsa gajeriya ce. A buɗe ciwo kowace safiya, a zuba masa ruwan oksijene, a goge shi sosai har ya ɗan yi jini, a rufe da busasshen ƙyalle. Ruwan nan in ya taɓa ciwo sai ya tashi fari fat yana ƙara kamar ana suya, shi ya sa mutane ke ce masa mai kumfa. Suna son shi ƙwarai. Mutum zai cije haƙora hawaye na zuba, yana leƙen kumfar yana cewa, “Kin ga dattin yana fita.” Har ni ma sunan ya bi ni. Ranar kasuwa in na gilma sai in ji ana cewa ga mai kumfa nan. Waɗanda suka warke sukan dawo mini da cuku ko ƙwan zabi ɗaure cikin tsumma.

A lokacin aurena na fari ya mutu, ina zaune gidan innata. Abin da ke ɗebe mini kewa littattafan soyayya ne, waɗanda ake kawowa daga Maraɗi a shimfiɗa bisa buhu kusa da masu turare. Kullum akwai ɗaya a aljihun teburina, ƙarƙashin bandeji. A cikinsu namiji mai kirki ba ya faɗin abin da ke ransa. Sai dai ya jefa kalma ɗaya, macen ta ɗauka ta adana. To, likitanmu irin wannan ne, dogo, marar yawan magana, mutumin gabas, bai yi aure ba. Wata rana a gaban kowa ya ce, “Ciwon da ya shiga ɗakin Malama, ni ba na ƙara tunaninsa.” Shekara biyu na yi ina juya wannan magana. Da safe in zai zagaya marasa lafiya ni ke tafiya gefensa riƙe da takardunsu, kuma na sha tsara yadda labarinmu zai ƙare, har kalar zanen da zan ɗaura na zaɓa.

Sai ga ɗalibar likitanci an turo mana daga jami'a, shekararta ta ƙarshe, ta zo istaj na wata uku don ta koyi aiki da hannu. Da ta zo kamar yadda irinta ke zuwa cikin littafi, da fenti a fuska da yatsina, da na san yadda zan yi da ita. Ita kuwa 'yar siririya ce mai tabarau, wayarta ma fuskar a tsage. Ranar farko ta rusuna ta gaishe ni, ta ce mini Yaya, ta ajiye mini dabino bisa tebur. Na neme ta da laifi sati guda ban samu ba.

Likita yana da wata al'ada. Duk Alhamis bayan la'asar mukan zauna ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar gidan likitan, shi da kansa yake dafa shayi, kowa ya kawo tambayar da ta taso masa cikin mako. A da taron ba ya wuce hira, mu sha shayi mu watse. Da ɗalibar ta zo sai ya zama wani abu dabam. Komai aka ce ana yi, sai ta gyara tabarau ta ce, “Ta yaya muka san yana aiki?” Daga nan ta buɗe wayar ta nemo abin da masu bincike suka gano bayan sun gwada bisa mutane masu yawa, ta karanta da Faransanci, likita ya matso da kujerarsa yana leƙa wayar. Ban taɓa ganin ya yi magana mai tsawo haka ba. Har dariya yake yi. Shayin farko mai ɗaci, wanda a da ni yake fara miƙa wa, sai na ga ya wuce ni ya tafi hannunta, don ita ke kusa da shi yanzu.

Alhamis ta uku ta juyo kaina.

“Yaya, in tambaye ki don Allah. Me ya sa ake zuba mai kumfa kullum?”

“Don yana kashe datti,” na ce. “Shekara tara ina yi, kuma suna warkewa.”

“Suna warkewa, na gani. Hannunki yana da tsabta, ban ga irinsa ba. Abin da ban sani ba, shi ne ya warkar da su, ko da babu shi ma da sun fi saurin warkewa?”

“Je ki tambayi masu kawo mini cuku.”

“Waɗanda ba su dawo ba fa, Yaya?”

Na ce sun warke ne shi ya sa. Ta ce ƙila. Ƙila kuma wasu sun gaji sun tafi wajen wanzami, wasu sun bi dabbobinsu arewa da ciwon a ɗaure, mu dai waɗanda suka ji daɗi kaɗai muke gani. Sannan ta karanta mana cewa ruwan nan yana ƙona sabon naman da ke tsirowa kamar yadda yake ƙona datti, busasshen ƙyalle kuma in an ɓamɓare shi yana tafiya da fatar da ta fara haɗuwa. Abin da aka fi yarda da shi yanzu, in ciwo mai tsabta ne, a wanke da ruwan gishiri na asibiti, a ɗora ƙyalle mai basilin, a bar shi kwana biyu ko uku ba a taɓa ba.

Na dubi likita ina jiran ya maimaita maganarsa ta shekara biyu. Ya juya shayin daga wannan kofi zuwa wancan, ya ce, “Ni ma na san da wannan tun muna makaranta. Na ga aiki na tafiya ne na yi shiru, laifina ne. Malama, daga gobe mu koma haka.”

Na ce to. A hanyar gida ban ga kowa ba, ko da an gaishe ni. Abin da ke cina, yarinyar da ba ta taɓa ɗaure ciwon ƙaho ba ta zo da waya mai tsagaggiyar fuska ta kwashe shekara tara cikin rabin awa, kuma shi ya gyaɗa kai. Na ƙudura sai ya ga da idonsa wace ce ta san ciwo a cikinmu.

Bayan kwana huɗu aka kawo wani tsoho daga wajen Ɗan Gulbi. Yana ban ruwa a rijiya, san da ke jan guga ya firgita ya zabura, igiyar ta zarce cikin tafin hannunsa biyu ta kwashe fatar. Lokacin ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Matarsa ce ta rako shi, tsohuwa gajeriya mai bakin magana. Suka sauka gidan wani ɗan'uwansu cikin gari.

Likita ya duba, ɗalibar ta duba, aka rubuta sabuwar hanya, aka ce ya riƙa zuwa duk bayan kwana uku, ranar ta tara likita zai sake gani da kansa. Suka fita suka bar ni da shi.

“Ke ce mai kumfar?” tsohon ya ce. “Tun ƙauye aka ba ni labarinki.”

“Ni ce, Baba.”

“To ɗiyata, ki yi mini da kyau. Ruwa na gab da sauka, ina da gona tana jirana. Kuma wannan matar in ta ci gaba da ba ni tuwo a baki za ta raina ni.”

“Yaushe na daina raina ka?” in ji tsohuwar. “Mutum da furfurarsa ya tsaya kokawa da sa.”

A nan dabarar ta zo mini. Hannu biyu, mutum ɗaya, ciwo iri ɗaya, rana ɗaya. Na hagu na wanke shi da ruwan gishiri na ɗora ƙyalle mai basilin yadda aka rubuta. Na dama kuwa, da shi zai ci abinci, da shi zai gaisa da mutane, na ce wannan ba zan bar shi ga karatun waya ba. Na ɗauko kwalbar mai kumfa da na ɓoye bayan kwali na zuba. Kumfa ta tashi, tsohon ya ja numfashi ya ce, “Yauwa, yanzu na ji magani.” Na ce masa ya riƙa zuwa kowace safiya da wuri, kafin likita ya fara zagaye, don hannun dama kaɗai.

Na riga na ga ranar ta tara a raina, kamar shafin ƙarshe na littafi. Za a kwance bandeji, na dama ya fito sumul, na hagu yana ruwa. Likita zai ɗago ya dube ni. Ni kuma zan sunkuyar da kai in faɗi abin da na yi cikin sanyin murya, ba zan ko kalli ɗalibar ba.

Kowace safiya suna zuwa. Tsohuwar takan zo da fura cikin ƙwarya, in na gama ta zauna gefensa bisa benci ta riƙa kai masa ludayi baki, tana goge masa gemu da bakin mayafinta tana yi masa faɗa. Nakan tsaya bakin taga ina kallonsu, in ce ga abin da marubutan nan ke nema su faɗa ba su iya ba. Su ma na yi kishinsu, in gaskiya ake so.

Ranar ta uku na buɗe duka biyu, ban ga bambanci sosai ba. Ranar ta shida na ga abin da ban so ba. Na hagu ya yi ja mai kyau, fata ta fara tahowa daga gefe kamar bakin tabarma. Na dama yana nan yadda yake, ɗanye, duk sanda na ɓamɓare ƙyallen sai ya yi jini. Nan ya kamata in tsaya. Amma da na fito sai na hango likita da ɗalibar ƙarƙashin bedi, kawunansu kusa da juna bisa wata takarda, yana nuna mata wani abu da biro. Na koma ɗaki na ce wa kaina datti ne bai gama fita ba. Washegari na zuba fiye da kullum.

Ranar ta tara likita ya shigo, ɗalibar na bayansa. Ni na kwance bandejin da hannuna. Na hagu saura ɗan wuri a tsakiya kamar faɗin ƙwandala. Na dama ja wur, gefensa fari, yana tsattsafo da jini.

Likita ya ɗaure fuska. Ɗalibar ta sunkuya tana dubawa, ta fara lissafa abin da ka iya jawo haka. Ko ƙwayar cuta ta shiga, ko a gwada shi ciwon suga, amma da suga ne ai da duka biyun sun ƙi.

“Ƙila yana aiki da na daman,” ta ce. “Mutum ba ya iya barin hannun dama ya huta.”

Ta buɗe mini ƙofa ba ta sani ba. Da na ce haka ne, da maganar ta wuce. Ina cikin tattara bakina tsohuwar ta riga ni.

“Wane aiki? Ko ƙuda ni ke kore mishi. Buta ma ni ke riƙewa.”

“Likita, bari in gaya maka,” in ji tsohon. “Kada ka ga laifin ɗiyar nan. Wannan hannu shi ta fi ba kulawa. Kullum da sassafe sai ta buɗe shi ta zuba mai kumfa ta goge tas. Na hagun ne ma aka yi watsi da shi, sau biyu kaɗai aka taɓa shi. Allah dai ya sa yana da taurin rai.”

Ɗalibar ta miƙe tsaye ta kama duban bango. Likita bai dube ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya ce a kawo ruwan gishiri da ƙyalle mai basilin, ya ɗaure hannun da kansa, a ɗakina, ina tsaye ina miƙa masa almakashi. Da ya gama ya ce, “Malama, ki same ni a buro.”

Na shiga ofishin nasa na tsaya. Bai ce in zauna ba.

“Me ya sa?”

“Na so ka gani.”

“In ga me?”

Na sunkuyar da kai. Sai ya ce, “Me ya sa kika zaɓi na dama?”

“Don na ɗauka nawa ya fi. Shi zai ci abinci da shi.”

“Na yarda,” ya ce. “Don wannan ne kaɗai ba zan ɗauke ki daga ɗakin ba. Amma kin gwada abu bisa jikin mutum bai sani ba, ni ma ban sani ba. Kuma kin ga yana lalacewa, kin ci gaba. Yaushe kika fara gani?”

“Ranar ta shida.”

Ya rufe ido kaɗan. Ya ce abu uku zan yi. In gaya wa tsohon gaskiya da bakina. In ba da labarin da kaina ranar Alhamis. Kuma har ɗalibar ta gama istaj, duk ciwon da zan ɗaure sai ta gani. Washegari da aka fara zagaye, ita ya miƙa wa takardun.

Gaya wa tsohon ya fi komai wuya, don ya ƙi yarda. Na durƙusa gabansa na ce, “Baba, ni na ja maka. Mai kumfar nan shi ya hana hannunka haɗuwa. Ka yafe mini.”

“Haba ɗiyata. Abin da na ga yana fidda datti da idona?”

“Yana fidda sabon nama tare da shi.”

“Wa ya ce? Waccan ƙaramar mai gilashi?”

“Hannunka na hagu ya ce, Baba.”

Ya ɗaga shi ya juya yana kallo. “Wannan ai ba ya da amfani. Ya warke, to sai me? In ci tuwo da shi mutane su ce na haukace? In miƙa wa liman shi?”

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta dube ni da kyau ta ce, “Na gane abin da kika ce, ko shi bai gane ba. Kwana nawa ya ƙaru?” Na ce ƙila goma, ƙila fiye. Ta gyaɗa kai. Ruwan shuka ya sauka cikin kwanakin nan suna Dakoro. Da safe suka zo ƙasa na ƙamshi, ana ta wucewa bakin hanya da sungumi bisa kafaɗa, tsohon ya zauna bisa bencina yana bin su da kallo, bai yi wasa da kowa ba ranar. 'Ya'yansa ne suka shuka masa gonar, ya ce ba su iya tazara ba.

Ranar Alhamis na tsaya ƙarƙashin bedi na faɗi duka, ban rage ba sai dalilin da ke can ƙasa, wanda ban faɗa wa kowa ba. Na ƙare da cewa yanzu an tabbatar, hanyar ɗalibar ce daidai. Na zaci za ta karɓa ta yi murmushi, in samu abin da zan riƙe ta da shi a raina.

Ta gyara tabarau ta ce, “Yaya, ki yi haƙuri, amma wannan bai tabbatar da komai ba. Mutum ɗaya ne. Kuma ranar farko na ga kamar ciwon dama ya ɗan fi zurfi, don da shi ya fara damƙar igiyar. Da na daman ne ya riga warkewa ma, ba zai nuna mai kumfa ya fi ba. Abin da muka dogara da shi gwajin da aka yi ne bisa mutane da yawa, da saninsu.”

Wato ko kayen da na sha ba za a ƙirga shi hujja ba. Na dubi likita, yana kallonta da irin kallon da na shekara biyu ina jira. Na karɓi shayina, na uku, wanda ya fi zaƙi kuma ba ya da ƙarfi, na shanye.

Wata biyun da suka rage tana zuwa ɗakina kowace safiya. Ta tsaya gefe ina ɗaurewa, wani lokaci ta ce, “Yaya, nuna mini yadda kike zagaya babban yatsa bandejin bai zame ba.” Ina nuna mata. Ba ta iya ba sam, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Da ta tafi ta bar mini wasu takardu da ta fassara mini da hannunta. Likita bai aure ta ba, ni ma bai aure ni ba. Bayan shekara aka mayar da shi gabas, muka ji ya auri 'yar kawunsa. Amma har ya tafi, in ana gardama ƙarƙashin bedi yakan ce, “Da ɗalibarmu tana nan da ta tambaye mu ta yaya muka sani.” Sunana bai taɓa fitowa a irin wannan wuri ba.

Ranar da zan yi wa tsohon ɗaurin kusa da na ƙarshe, ɗalibar ta leƙa ta gani ta fita. Ya bi ta da ido har ta yi nisa, sannan ya matso ya rage murya.

“Ta tafi. Ɗan zuba mini kaɗan, ɗiyata. Ba mai gani.”

Kwalbar tana nan bayan kwali. Shi ne mutum na ƙarshe a garin da ya fi yarda da ni bisa ɗalibar, kuma na so in ji ya sake cewa yanzu ya ji magani. Na ɗan tsaya riƙe da hannunsa. Fata ta taho daga gefe, siririya, mai sheƙi.

“Ya ƙare, Baba,” na ce.

“Ƙarya take,” in ji tsohuwar daga bakin ƙofa. “Yana nan. Ba za ta zuba ba ne. Miƙa hannu a ɗaure maka mu tafi, na gaji da ba ƙato tuwo a baki.”

Na ɗora ƙyalle mai basilin na naɗe. Bayan kaka suka aiko mini da damin gero ƙarami ta hannun wani mai amalanke, ya tsaya bakin ƙofa yana tambaya ina mai kumfa take.